Ranar da Muka Aro Gadon Haihuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan da kike zaune da sababbin abokan aikinki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, Ya sa kin shiga aikin nan da ƙafar dama. Gwaggonki Hansai tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko daddawar da ta aika ta iso. Labarin gida ke nan, ba zan ƙara ba, don ba labari na zauna rubutawa ba.

Kin san ni da waya. Da na ji muryarki sai in koma tambayar ko kin ci abinci, har a yi sallama ban faɗi abin da ke cina ba. Shi ya sa na nemo biro. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don maganar tana da tsawo kuma ba ta da daɗi.

Ranar Juma'a da kika kira, kin ce ku shida aka ɗauka sababbi, an yi muku bita, an rataya muku kati a wuya. Kin ce aikin ƙungiyarku shi ne ta nemo inda talaka ba ya samun kulawar asibiti kamar kowa, ta rubuta, ta kai gaban masu iko, ta yi ta naci har a gyara. Madalla. Sai kika ƙara da murnarki cewa fitarku ta farko yankinmu ce, kuma Dunyawa na cikin garuruwan da za ku duba nan da kwana goma sha biyu. Kika ce, "Baba, ka ga sai in zo gida a farar mota." Na yi dariya don ki ji daɗi. Da na ajiye wayar, tuwon da Hansai ta kawo mini haka ta zo ta ɗauke shi.

Labarin zuwanku ya riga ku isowa. Jiya bayan la'asar kwamitin lafiya na gari ya zauna a ƙofar gidan Dagaci, kuma kin san ni ne shugaba, shugaban da ba ya shugabantar komai. Ko gama gaisawa ba a yi ba aka shiga maganar shafe ɗakin shan magani da farar ƙasa. Wannan ya ce a aro benci a firamare, wancan ya ce a samo labule. Wani ya ce, "Ai 'yar gida ce za ta zo, ba za ta kunyata mu ba," suka juyo suna yi mini murmushi. Sani ɗan kawunki yana wurin, wanda matarsa ke ɗauke da cikin da za ta haife a tsakiyar damina, kuma shi ne ma ya ce zai kawo buroshi. Ni kuwa ban hana su ba, aka shafa fatiha aka watse.

To ki sani, abin da za ki rubuta a takardarki ranar nan shi zai sa a fara maganar kawo mana malamar asibiti mai karɓar haihuwa, ko kuma a sake tsallake mu. Na ce a sake, don an taɓa tsallake mu, kuma da hannuna aka yi. Ba ki san wannan ba. Zan faɗa miki daga farko, yadda kuskure ya yi ta haifar kuskure.

Ina ɗan shekara ashirin da huɗu aka turo ni ɗakin shan magani na garin nan, garin da aka yanke mini cibi. Karatuna bai wuce wanke ciwo da yin allura da ba da ƙwayar zazzaɓi ba. Amma ranar farko wani tsoho ya ce mini "Likita", ban gyara masa ba, sunan ya yi mini daɗi a kunne. Na ɗinka fararen riguna biyu, na kafa tebur, na zauna a bayansa ina jiran marasa lafiya su zo su durƙusa. Maza ne ke zuwa. Mutum ya tsuguna ya ce, "Mai ɗakina ce ba ta jin daɗi." In ce, "Me ke damunta?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Irin na mata dai." In ƙulle masa ƙwaya a takarda ya tafi. Da na duba littafin masu zuwa na ga sunayen mata ba su da yawa, sai na fara faɗa a gaban mutane, da bakina, cewa matan Dunyawa ƙarfi ne da su, ba su cika ciwo ba.

Rannan Inna Tabawa, ungozomar gari, ta shigo ba tare da ta nemi wurin zama ba. Ta ce, "Haladu, ni na yanke maka cibi, don haka zan faɗa maka. Ba lafiya ce ta hana matan garin nan zuwa wurinka ba, gemunka ne." Maimakon in tashi in ba ta kujerata in ce ta koya mini, sai na kumbura. Na yi mata wa'azin tsohuwar reza da rashin tsafta, har da cusa Turanci don ta san da wa take magana. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, Likita." Ba ta sake tako ɗakin ba.

Wannan katin da aka rataya miki a wuya, shi ne farar rigata. Yana sa mutane su miƙe tsaye, yana kuma sa su rufe baki. Kada ki ƙirga waɗanda suka zo wurinki ki ɗauka kin san gari, ki tambayi waɗanda ba su zo ba da abin da ya hana su. Kada ki tsaya a zaure, don a zaure amsar maza kawai ake samu, su kuwa maza rabin abin ba su sani ba, rabin kuma kunya ba ta bari su faɗa. Ke mace ce, Allah Ya ba ki abin da bai ba ni ba, ki yi sallama ki shige cikin gida. Ki zauna a tabarma, ki bar takardar a jaka tukuna, ki nemi tsohuwar da ke karɓar haihuwa ki gaishe ta da gwiwa biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, za su faɗa miki abin da ni ban ji ba a shekara talatin na aiki.

Yanzu ga babban. Shekara biyu kafin a haife ki, da bazara kamar yanzu, takarda ta zo cewa wasu baƙi daga Kano za su zo duba ɗakunan shan magani, mutanen wata ƙungiya irin taku. Ba mu tsaya tambayar me ya kawo su ba. Mu dai mun ji baƙi, kuma a garin nan tun muna yara ake faɗa mana baƙonka annabinka, ba a tarbar baƙo da tsumma. Marigayi Dagaci, mahaifin na yanzu, ya kira ni ya ce, "Haladu, ɗakin nan naka fuskar gari ne. Kada a je Kano a ce Dunyawa matsiyata ne." Ni ma a raina ina tsoron kada a ga ɗakin fayau a ce ban iya aiki ba, a mayar da ni wani dajin.

Aka yi gayya kamar ta noma. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka toshe inda rufi ke yoyo, aka share har gindin darbejiya. Ni da kaina na tattaro kwalayen magani da babu komai a ciki, na goge su, na jera a kanta, fuska waje. Ba mu da gado, sai aka tura amalanken shanu ƙetaren rafi, Farun Dutse, aka aro gadon ƙarfe guda ɗaya tak da ke ɗakin shan maganinsu. Sai wani mai wayo ya ce ya ji irin waɗannan baƙin suna son ganin mace a wurin aiki. Nan take aka tuna da Rabi 'yar Dagaci, wadda ta gama sakandare a Bici ta iya gaisuwar Turanci. Aka kai farar rigata ta biyu wurin tela ya rage mata.

Mahaifiyarki ce ta goge rigar da dutsen guga. Tana cikin gugar ta ɗago ta ce, "Malam, wannan kuwa ba ƙarya ba ce?" Na ce, "Rufin asiri ne. Ke dai ki kula da zabin nan kada su ƙone." Ta ninke rigar ta miƙo mini.

Baƙin su biyu ne da direba. Akwai wata Hajiya mai manyan shekaru, da wani saurayi riƙe da takarda, sabon ɗauka kamar ke, sai gumi yake yana duba agogo. Aka tare su da ruwan randa da fura, aka shiga da su. Saurayin ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai gado? Ga shi. Akwai magani? Ya ɗaga kai ya kalli kanta, ya yi alama. Akwai ma'aikaciya mace? Na nuna Rabi, tana tsaye a gefen gado ta harɗe hannu kamar yadda muka koya mata. Ta gaishe shi da Turanci, ya ji daɗi, ya yi alama. Ya miƙo mini biro na sa hannu a ƙasa.

Hajiyar nan ba ta yarda ba, na ga haka a idonta. Ta daɗe tana kallon Rabi. Da za a fita cin abinci ta ja baya, ta rage murya ta ce, "Malam Haladu, ni ma 'yar ƙauye ce. Tsakaninka da Allah, me kuka rasa a nan?" Sa'adatu, ƙofa ce Allah Ya buɗe mini har bango. Na waiga na ga Dagaci a bakin ƙofa da manyan gari a bayansa. Na ce, "Hajiya, sai godiyar Allah. Ƙwayar zazzaɓi ce dai wani lokacin takan yanke." Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "To." Suka ci shinkafa da zabi, aka saka musu ƙwai da gyaɗa a mota, muka ɗaga musu hannu muna jin mun fita kunya.

Abin da ba mu sani ba, daga wurinmu Farun Dutse suka nufa, su kuwa ba wanda ya sanar da su. Baƙi suka tarar da ɗaki ba fenti, kanta ba ko kwali, mace kwance a tabarma a ƙasa, saboda gadonsu yana wurinmu. Da labari ya zo mana, dariya muka yi. Ni da bakina na ce mutanen Farun Dutse sun tona wa kansu asiri, ba su san darajar baƙo ba. Shekara ba ta zagayo ba aka gina musu ɗakin haihuwa, aka kawo malamar asibiti da firjin ajiye allura. Gadon da muka aro ma ya taimaka musu, don ya ƙara nuna ba su da komai. An ce kayan aro ba ya rufe katara, mu namu ya rufe mana har numfashi.

Da muka ga haka muka yi ayari muka je ofishin lafiya neman namu. Wani ma'aikaci ya buɗe fayil, ya juyo mini da takardar ya ce, "Ai ku kuna da ma'aikaciya da gado. Wannan ba sa hannunka ba ne?" Nawa ne. A nan ma da na buɗe baki na ce ƙarya muka yi, a zo a sake dubawa, wataƙila da an yi mini faɗa an gyara. Na ji tsoron aikina, na ji kunyar Dagaci da ke zaune kusa da ni. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Muka hau mota muka dawo gida.

Na daɗe ina jin haushin saurayin nan. Ina cewa da ya ɗaga kwali ɗaya, ɗaya tak, da ya ji iska ce a ciki. Kuma har yau ban wanke shi sarai ba, shi da ire-irensa da na gani bayansa. Na ga irinku da yawa, Sa'adatu, kada ki ji haushi. Da rani suke zuwa, lokacin da rafi yashi ne, su yi awa biyu, su ɗauki hoto da yara, su kafa allo, su yi sauri su koma Kano kafin magariba. Allunan suna nan a bakin hanya sun yi tsatsa, awaki ke sosa jiki da su. Amma baƙo makaho ne ko yana da ido, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron nan tambaya ya yi, ni na yi ƙarya.

Don haka ga abin da za ki yi, a garinmu da kowane gari. In kin shiga ɗaki kin ji warin sabuwar farar ƙasa, ki san an shirya miki. Ki ɗaga kwalayen da hannunki. Ki duba ƙarƙashin gado, gadon da ya daɗe a wuri ƙafafunsa suna cin daɓe, na aro ba ya barin alama. In an nuna miki mace da farar riga, ki gaishe ta da mutunci, sannan ki ce ta miƙo miki almakashi, ki ga ko ta san inda yake. Ki tambayi wace ce ta haihu a ɗakin ta ƙarshe, ki ce a kai ki ki yi mata barka. Ki sauka daga motar ki taka da ƙafa har bakin rafi, ki tambayi masu gonar wurin inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. Abincin da aka kawo ki ci, kada ki wulaƙanta mutane, amma ki sani zabon nan ba kyauta ba ne, roƙo ne a kan ki gani ki yi shiru. In kuma wata rana kika gane an rufe ki kin rubuta ba daidai ba, ki koma wurin shugabarki ki ce kin yi kuskure, ko da kina sabuwa, ko da za a yi miki dariya a ofis. Faɗan oga kwana biyu ne ya wuce.

Saura ranar da aka haife ki. Abin da kika sani shi ne mahaifiyarki ta rasu wajen haihuwa. Ga yadda aka yi.

An wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Naƙuda ta kama ta da safe, aka kira Inna Tabawa. Kafin azahar na ji guɗa daga cikin gida. Ina zaure, maƙwabta na shigowa barka, don a al'adarmu miji ba ya shiga ɗakin haihuwa, balle ga surukai mata cike da tsakar gida. Na aika Hansai ta dubo. Ta dawo ta ce, "Mace ce, mai jego kuma da sauƙi." Can na sake aikawa, aka sake cewa da sauƙi. Ni da na yi shekaru ina aikin nan, na san mutumin da aka ɗauko a kafaɗa ma in ka tambaye shi da sauƙi zai ce. Na sani sarai. Amma na karɓa, don ita ce amsar da ba za ta sa in ratsa matan nan in shiga ɗaki ba. Har na ga launin ruwan da ke fitowa ta rariya, na ce wa kaina wankin haihuwa ne.

Sai ga Inna Tabawa da kanta a zaure, ba ko mayafi, a gaban maza. Ba ta ce Likita ba. Ta ce, "Haladu, ajiye kunyar nan ka shigo. Jini ya ƙi tsayawa." Na shiga. Da na ga shimfiɗar na san abin da ake ciki, na kuma san sunan allurar da ake yi. Babu ita a kantata, ba a taɓa kawo mini ita ba. Tana Farun Dutse, a firjin malamar asibiti, tafiyar da ba ta kai ta zuwa gonarmu ta fadama ba.

Muka cire ƙyauren ɗaki muka ɗora ta, mutum huɗu suka ɗauka. Da muka isa rafi ya cika ya batse, yana jan kara da itace, ja wur. Hanyar asibitin Bici ma ta nan take bi, ba wata mafita. Aka yi ta ƙwala kira har mutanen ƙetare suka ji, suka kirawo malamar. Ta zo da jakarta ta tsaya a wancan bakin, muna wannan bakin, ina ganinta tana ganina. Samari suka ɗaura igiya suka shiga, ruwa ya maka su da gaɓa, suka sake shiga. Mun ajiye mahaifiyarki a gindin wani baure. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, ka yi wa yarinyar huɗuba kuwa?" Na ce zan yi. Ba ta yi maganar riga ba, ba ta yi maganar komai ba, kuma wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kafin la'asar ta cika. Washegari da muka dawo daga maƙabarta, ruwan rafin bai wuce idon sawu ba.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ranar hisabi ba ajalinta za a tambaye ni ba. Za a tambaye ni sa hannuna, da zaman da na yi a zaure ina amsa barka. A cikin duk waɗanda suka yi gayyar farar ƙasar nan ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan a gabana, ni ma ban haɗa a gaban kowa ba. Ga shi yau 'ya'yansu suna neman buroshi.

Nasihar da ke cikin wannan gajeriya ce. In aka ce miki da sauƙi, ki je ki gani da idonki. Kunya ado ce, da ita muka tashe ki kuma ban yi nadama ba, amma inda rai ke fita ba wurinta ba ne. Za a ce miki yarinya ce ke, ba a yi wa manya irin wannan tambayar. Ki rusuna, ki ce Allah Ya ba su haƙuri, ki sake tambaya.

Yau da safe bayan an fito masallaci na bi Dagaci gida. Na ce masa ba da ni za a yi shafe-shafen nan ba, kuma ranar da baƙi suka zo zan faɗi abin da muka yi a zamanin mahaifinsa. Ya ce, "Malam, da girmanka, za ka tona mana asiri a gaban 'yar cikinka?" Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na gaji da binne mata. Ya ce in je zai neme ni. Kafin hantsi magana ta zaga gari. Na wuce majalisar bakin kasuwa na yi sallama, mutum biyu ne suka amsa. Wataƙila kafin ki zo sun sauke ni daga shugabancin, kuma ba mamaki su shafa fentinsu duk da haka.

Ga roƙona. Ranar da kuka zo kada ki fara sauka a gida, ki wuce ɗakin shan magani tare da abokan aikinki. Ki sa a kira ni a gaban Dagaci da kowa, ko ina shugaba ko ba na shugaba. Kada ki ce Baba, ki ce Malam Haladu, ki tambaye ni abin da muka rasa. Ina faɗa miki haka ne don na san kaina. Yanzu da nake ni kaɗai da biro jarumi ne ni, amma in na ga idon mutanen da na yi shekara sittin ina sallah a sahu ɗaya da su, ina tsoron harshena ya sake cewa sai godiyar Allah. In na faɗi haka kada ki ce to. Ki tsaya a wurin, ki sake tambayata, har sai na faɗa.

Akwai kuskure na ƙarshe, shi kuma ba shi da nasiha. Kina 'yar shekara tara kika dawo daga Islamiyya ido jawur, wata yarinya ta gaya miki magana. Kika same ni ina alwala, kika tsaya a kaina kika ce, "Baba, wai ni na kashe Innata?" Na ce, "Wa ya faɗa miki wannan shirmen? Wuce ki ci abinci." Na ɗauki hulata na tafi masallaci tun ba a kira sallah ba. Ba ki sake tambaya ba. Na ga yadda kika daina zuwa gidan suna, na ga karatun da kika zaɓa, na san abin da kike ɗauke da shi, na bar ki da shi don in na sauke miki a kaina zai dawo. Ga amsarki, ta makara shekara goma sha shida. Ba ke ba ce, Sa'adatu. Lafiya lau kika zo, kika yi kukanki kamar kowane jariri. Ni ne.

In kin karanta wannan kin ji ba za ki iya kallon fuskata ba, ba zan ga laifinki ba. Ki kalli ɗakin, ki rubuta abin da kika gani.

Allah Ya kawo ku lafiya, Ya mayar da ku lafiya, Ya tsare ki daga abin da ya fi ƙarfinki. Allah Ya ba ki shugabanni masu jin gaskiya, Ya sa albarka a biron da ke hannunki. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki da Inna Tabawa, Ya haskaka makwancinsu. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba tukuna, ki zo dai.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Haladu, Dunyawa.